Taskar sakamako da tashar bidiyon ISU: bin sawun Nikita Katsalapov daga 2010 zuwa 2022

Hukumar ISU, wadda ke kula da wasannin zamiya a kan ƙanƙara a duniya tun daga shekarar 1892 kuma hedikwatarta ke birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, tana da hidimomi biyu da kowa zai iya amfani da su kyauta ta intanet. Ta farko ita ce taskar sakamakon gasanni, inda ake ajiye takardun makin alƙalai da taƙaitaccen tarihin kowane ɗan wasa. Ta biyu ita ce tasharta ta YouTube. Na ɗauki makonni ina amfani da su biyun da manufa guda, wato in ga ko mutumin da bai tashi a cikin wannan wasa ba zai iya bin rayuwar gasa ta ɗan wasa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ya kuma fahimci dalilin hawansa da saukarsa. Wanda na zaɓa shi ne Nikita Katsalapov, ɗan Rasha mai rawa a kan ƙanƙara, wanda aka haifa a Mosko a 1991, domin tarihinsa yana ɗauke da duk abin da zai gwada ingancin taska irin wannan: abokan rawa biyu, sauyin masu horarwa, shekarun koma baya, da kuma sauye-sauyen dokokin ba da maki da suka faru yana tsakiyar fage.

Ya kamata a fara da bayyana wasan kansa, saboda taskar ba ta yi wa baƙo wannan aikin. Rawa a kan ƙanƙara wani reshe ne dabam da wasan 'yan bibbiyu wanda ake jefa mace sama ko a yi tsalle ana jujjuyawa a iska. A rawa ba a yin waɗannan tsalle-tsalle, kuma ba a yarda namiji ya ɗaga abokiyarsa sama da kansa da miƙaƙƙun hannuwa ba. Abin da ake aunawa shi ne aikin ƙafa, zurfin karkatar kaifin takalmi a kan ƙanƙara, kusancin mutum biyun, da yadda motsinsu ke bin kiɗa. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1976 a Innsbruck, kuma Lyudmila Pakhomova da Aleksandr Gorshkov na Tarayyar Sobiyat ne suka fara lashe zinarensa, abin da ya sa Rashawa ke kallon wannan reshe a matsayin gadon gidansu. Tun lokacin da Katsalapov ya shiga sahun manya a ƙarshen 2010, kowace gasa tana da zango biyu: gajeriyar rawa wadda hukuma ke tsara irin kiɗanta a kowace kaka, sai kuma rawar zaɓi mai tsawon kusan minti huɗu.

Shafin tarihin ɗan wasa shi ne ƙofar shiga, kuma yana yin aikinsa daidai gwargwado. A nan mutum zai ga ranar haihuwa, masu horarwa, kiɗan da aka yi amfani da shi, maki mafi yawa da aka taɓa samu, da jerin matsayi a manyan gasanni shekara bayan shekara. Daga wannan jeri kaɗai za a iya ganin surar zangon farko na Katsalapov tare da Elena Ilinykh. Sun lashe gasar matasa ta duniya a 2010 a birnin Hague, sannan suka shiga sahun manya, inda suka zo na bakwai a gasar duniya ta 2011, na biyar a 2012, suka kuma koma na tara a 2013. A gasar Turai kuwa sun ɗauki tagulla a 2012, azurfa a 2013 da 2014. Mai karatu zai lura da cewa layin ba miƙaƙƙe ba ne, amma jerin matsayi ba ya faɗin dalili. Dalilin yana cikin takardun makin alƙalai, kuma a nan ne darajar wannan hidima take a ganina.

Takardar maki shafi ce wadda ba ta da hoto ko ado, kuma ba ta cin data kamar bidiyo, wanda hakan alheri ne ga mai karatu a waya. Kowane motsi da 'yan rawa suka yi yana da layinsa. Ana rubuta matakin wahalar da kwamitin ƙwararru ya amince da shi, wanda mafi girmansa shi ne na huɗu, sai makin tushe, sai kuma hukuncin kowane ɗaya daga cikin alƙalai tara kan kyawun aiwatarwa, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan GOE. Ana cire maki mafi sama da mafi ƙasa kafin a fitar da matsakaici. A ƙasa kuma akwai makin da ake bayarwa kan gwanintar zamiya, tsarin rawar da yadda aka gabatar da ita. Wannan tsari ya maye gurbin tsohon tsarin maki shida ne bayan badaƙalar alƙalanci da ta auku a gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, kuma manufarsa ita ce kowane maki ya kasance yana da wurin da za a nuna da yatsa a ce ga inda ya fito. A kan wannan manufa, taskar ta cika alkawari fiye da yadda na zata.

Misali mafi ƙarfi shi ne watanni biyu na shekarar 2014. A watan Fabrairu a Sochi, Ilinykh da Katsalapov, waɗanda Nikolai Morozov ke horarwa a lokacin, sun ɗauki tagulla da maki 183.48, a bayan Meryl Davis da Charlie White na Amurka masu 195.52 da Tessa Virtue da Scott Moir na Kanada masu 190.99. Sun kuma samu zinare a gasar ƙungiya, wato wadda ake haɗa makin 'yan wasan ƙasa ɗaya daga rassan wasan daban-daban, wadda a shekarar aka fara gudanar da ita, inda suka yi wa Rasha rawar zaɓi. Ilinykh tana da shekara 19, Katsalapov yana da 22. A watan Maris aka je gasar duniya a Saitama ta Japan ba tare da Amurkawan da Kanadawan da suka fi su a Sochi ba, don haka hanyar zinare ta kasance a buɗe gare su. Jerin matsayi yana cewa sun zo na huɗu, shi ke nan. Takardun maki kuwa suna nuna cewa su ne suka zo na ɗaya a rawar zaɓi, kuma a gajeriyar rawa ne suka faɗa na biyar, saboda kuskuren da Katsalapov ya yi a juyin da ake kira tuwizil, wato jujjuyawa da sauri a kan ƙafa ɗaya ana ci gaba da tafiya, mutum biyun a lokaci guda. Motsi ne na daƙiƙoƙi kaɗan, amma layinsa a takardar ya isa ya bayyana yadda lambar yabo ta suɓuce. Anna Cappellini da Luca Lanotte na Italiya ne suka lashe gasar, kuma ratar da ke tsakanin na ɗaya da na uku ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na maki guda ba, yayin da Rashawan ke biye da su da tazarar kusan maki ɗaya. Na daɗe a kan wannan shafi, domin ban taɓa ganin wasan da ke ajiye shaidar asara dalla-dalla haka ba, kuma na ji tausayin matashin da kuskurensa ya zama layi a rubuce wanda kowa zai iya dubawa bayan shekaru goma.

Bayan Saitama ne mutum biyun suka rabu, kuma a nan taskar ta fara nuna iyakarta. An tsara ta ne bisa abokan rawa, ba bisa mutum ɗaya ba, saboda haka Katsalapov ya kasu gida biyu: wanda ya yi rawa da Ilinykh, da wanda ya koma tare da Victoria Sinitsina daga 2014. Mai bincike ne zai haɗa sassan da kansa. Labarin ma ya fi haka sarƙaƙiya, domin Sinitsina ta bar Ruslan Zhiganshin ne, wanda suka lashe gasar matasa ta duniya tare a 2012, shi kuma Zhiganshin ya koma rawa da Ilinykh. Da an samar da shafi guda da zai tattara tarihin mutum ɗaya duk da sauyin abokiyar rawa, da ya sauƙaƙa wa mai karatu ƙwarai, musamman a wasan da irin wannan sauyi ba baƙon abu ba ne.

Shekaru huɗu da suka biyo baya su ne mafi wuyar bi. Sinitsina da Katsalapov sun tafi Amurka wurin Marina Zoueva a garin Canton na jihar Michigan, daga baya suka dawo Mosko, inda a ƙarshe suka zauna a hannun Alexander Zhulin, wanda shi ne ya horar da Katsalapov lokacin yana matashi. Sun zo na huɗu a gasar Turai ta 2016, na tara a gasar duniya ta wannan shekara, na goma a gasar Turai ta 2017. Ga wanda ya hau dandamalin karɓar lambar yabo a Olamfik yana da shekara 22, wannan faɗuwa ce babba. Abu mafi muhimmanci a wannan zango kuwa ya faru ne a gasar cikin gida ta Rasha a watan Disamba na 2017, inda suka janye a tsakiyar rawar zaɓi saboda raunin da Katsalapov ya ji, suka rasa gurbin zuwa Olamfik ta 2018. Tun da gasar ƙasa ba ta hukumar ISU ba ce, ba a samun cikakkun takardun makinta a wannan taska. Ban ga laifin hukumar a nan ba, kowa da hurumin da yake aiki a ciki, amma ya wajaba mai amfani da taskar ya san cewa a ƙasa irin Rasha, inda neman gurbi a gida kan yi zafi kamar gasar Turai, wani babban yanki na labarin yana waje da ita.

Akwai wani tarko da nake ganin ya kamata taskar ta riƙa gargaɗi a kansa a fili a kan shafukan sakamako. A 2018 an faɗaɗa ma'aunin GOE daga uku sama da uku ƙasa zuwa biyar sama da biyar ƙasa, aka sauya wa gajeriyar rawa suna, aka kuma buɗe sabon kundin bajinta, aka mayar da tsofaffin alƙaluma tarihi. A 2022 kuma an rage ɓangarorin makin gabatarwa daga biyar zuwa uku. Ma'anar wannan ita ce, maki 183.48 na Sochi ba za a iya jera shi da makin shekarun baya-bayan nan a ce wannan ya fi wancan ba. Baƙon da ya ga Katsalapov ya tashi daga 183 zuwa 220 zai ɗauka cewa ya ƙaru da kusan maki arba'in na gwaninta, alhali wani kaso na ƙarin daga sauyin ma'auni ya zo. Dokokin suna nan a wasu takardun hukumar masu tsawo, cikin Turanci na ƙwararru, amma babu gada tsakaninsu da takardar makin da mutum ke dubawa. Haka kuma gajerun haruffan da ake wa motsi laƙabi da su ba su da fassara a gefe, sai mutum ya yi haƙurin koyonsu ɗaya bayan ɗaya.

Wani sauyi kuma ya ƙara wa taskar daraja sosai. Har zuwa 2016, ana ɓoye wanda ya ba da kowane maki a manyan gasanni, ta yadda ginshiƙan alƙalai a takardun Sochi ba sa nuna wane alƙali ne a wane ginshiƙi. Babban taron hukumar na 2016 ya soke wannan ɓoyewa. Daga nan ana iya ɗaukar jerin sunayen alƙalai a jera shi da ginshiƙan maki, a ga abin da kowannensu ya bai wa 'yan ƙasarsa da abin da ya bai wa abokan hamayyarsu. A wasan da zargin son kai bai taɓa rabuwa da shi ba, wannan buɗewa ita ce abu mafi kyau da hukumar ta yi wa masu kallo.

Amfaninta ya fito fili a gasar Turai ta Janairun 2020 a birnin Graz na ƙasar Ostiriya. Kafin lokacin, Sinitsina da Katsalapov sun riga sun farfaɗo, sun ɗauki azurfa a gasar duniya ta 2019 a Saitama, garin da zinare ya kuɓuce wa Katsalapov shekara biyar baya. Waɗanda suka fi su a lokacin su ne Gabriella Papadakis da Guillaume Cizeron na Faransa, waɗanda ba a doke su ba tun bayan Olamfik ta 2018. A Graz, Faransawan sun shige gaba a zangon farko da 88.78 a kan 88.73. A rawar zaɓi Rashawan suka samu 131.69, Faransawan 131.50. Jimilla ta kama 220.42 da 220.28, wato tazarar 0.14. Masoya wasan sun yi ta muhawara kan wannan sakamako, kuma har yanzu ra'ayi ya rabu. Abin da taskar ta ba ni shi ne damar shiga muhawarar da hujja a hannu maimakon jin daɗi ko ɓacin rai kawai. Ra'ayina bayan nazarin takardun da kallon rawar shi ne, Faransawan sun fi laushin zamiya da sabon salo, Rashawan kuma sun yi rawarsu da ƙarfi da tsabta a wannan rana, kuma tazarar ta yi ƙanƙantar da babu wanda zai iya rantsuwa cewa wani kwamitin alƙalai ba zai juya ta ba. Wani mai karatu zai iya duba shafukan nan ya saɓa mini, kuma hakan shi ne amfanin ajiye su a fili.

Game da tashar YouTube, hukuncina ya kasu. Inda ta fi ƙarfi shi ne gasannin matasa, musamman jerin gasar Grand Prix ta matasa, wadda ake watsawa kai tsaye kyauta tare da sharhi mai natsuwa da girmama yaran da ke wasa, kuma wanda ke son koyon yadda ake kallon rawa zai amfana da ita ƙwarai. Manyan gasanni kuwa sun dogara ne ga haƙƙin watsawa da aka sayar wa gidajen talabijin, don haka abin da mai kallo zai iya gani yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Hotunan Olamfik ba mallakar ISU ba ne, na Kwamitin Olamfik na Duniya ne, saboda haka rawar Sochi da ta Beijin sai a nema a tashoshin kwamitin. Tsofaffin gasanni, kamar na farkon zamanin Katsalapov, ba a jere suke a tashar yadda takardun makinsu ke jere a taska ba. Babban giɓin shi ne rashin haɗi tsakanin hidimomin biyu: babu maɓalli a takardar maki da zai kai mutum ga bidiyon rawar, babu kuma wanda zai dawo da shi daga bidiyo zuwa maki. Alhali ɗaya ba ta cika sai da ɗayar, domin takarda tana faɗin inda aka yi asara, bidiyo ne ke nuna yadda ƙafa ta zame.

Zangon ƙarshe na tarihin yana da cikakkun bayanai, sai dai sunan ƙasar ne ke sauyawa ba tare da an yi wa mai karatu bayani ba. A gasar duniya ta 2021 a Stockholm, wadda aka yi babu 'yan kallo saboda annobar korona kuma Papadakis da Cizeron ba su halarta ba, Sinitsina da Katsalapov sun lashe zinare, na farko da Rasha ta samu a wannan reshe tun na Oksana Domnina da Maxim Shabalin a 2009. A takardun an rubuta FSR, wato taƙaitaccen sunan hukumar wannan wasa ta Rasha, a gaban sunansu maimakon RUS, saboda hukuncin da kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta yanke kan Rasha game da ƙwayoyin ƙara kuzari, wanda ya hana amfani da tutar ƙasar da takenta. Sun sake lashe gasar Turai a Tallinn a Janairun 2022, sannan a Beijin, a ƙarƙashin haruffan ROC, wato Kwamitin Olamfik na Rasha, suka ɗauki azurfa da maki 220.51, a bayan Faransawan masu 226.98, a gaban Madison Hubbell da Zachary Donohue na Amurka masu 218.02. Ta haka Katsalapov ya samu lambar Olamfik a rawa da abokan rawa biyu dabam-dabam, da tazarar shekara takwas a tsakani, kuma huɗu daga cikin shekarun ya yi su ne nesa da dandamali. A gasar ƙungiya ta Beijin tawagarsu ce ta zo ta ɗaya a kan ƙanƙara, amma bayan hukuncin da kotun ta yanke a Janairun 2024 kan Kamila Valieva, 'yar wasan tawagar, game da ƙwayoyin ƙara kuzari, an cire makinta, tawagar ta koma ta uku, Amurka ta karɓi zinare, Japan azurfa. A ranar 1 ga Maris 2022, hukumar ISU ta dakatar da 'yan wasan Rasha da Belarus daga gasanninta saboda yaƙin Yukiren, kuma Beijin ta zama layi na ƙarshe a tarihin gasar Katsalapov a fagen duniya.

Ga wanda zai gwada hidimar, shawarata ita ce kada ya fara da jerin matsayi ko kundin bajinta. Ya sauke takardar rawar zaɓi ta Graz 2020, ya nemi bidiyon rawar Rashawan da ta Faransawan, ya riƙa tsayar da hoton bayan kowane motsi yana duba layinsa a takarda: wane mataki aka bayar, alƙalai nawa ne suka ba da biyar, nawa suka tsaya a uku, kuma daga waɗanne ƙasashe suke. Zai ɗauki kusan awa ɗaya a karon farko, kuma zai buƙaci jerin ma'anar gajerun haruffan a kusa da shi. Bayan ya saba da ita, sai ya koma takardar gajeriyar rawa ta Saitama 2014, ya nemi layin tuwizil na Ilinykh da Katsalapov, ya gwada makin da ke wurin da na mutum shidan da suka hau dandamali a wannan mako.